Daga gonar haya a Ayilan zuwa garken shanu 30,000: Patrick Durack da abin da ya bar wa zuriyarsa

Duk makiyayin da ya taɓa kora garke daga Abalak zuwa Ingal lokacin shan gishiri, ko ya gangara kudu da rani ya tsallaka iyaka ta Ƙonni, ya san tafiyar shanu lissafin ruwa ce: ina mashaya ta gaba, kwana nawa ne tsakani, wa kuma ya riga ka isa. Shi ya sa nake ganin mutumin Adar zai fi Baturen birni gane rayuwar Patrick Durack, ɗan manoman haya daga ƙasar Ayilan wanda ya kafa gidan kiwo a Ostareliya. Abubuwan da suka ɗaga shi da waɗanda suka kayar da shi duk sanannu ne a Tawa: fari, ciwon huhu, kaska, nisan kasuwa, bashi, da rigimar wa ke da ƙasa.

An haife shi a 1834 a Scarriff, cikin yankin Clare a yammacin Ayilan, shi ne babban ɗa namiji a gidan. Iyayensa ba su mallaki ko taƙi guda na ƙasa ba. A wancan zamani mafi yawan ƙasar Ayilan tana hannun manyan masu gonaki, wasunsu ma a Ingila suke zaune, wakilai ke karɓar musu kuɗin haya. Manomi ya noma hatsi ko ya turke alade don biyan haya, shi da iyalinsa kuma su rayu da dankalin Turawa. Fili da bai kai hekta ɗaya ba yana ciyar da gida guda, in aka ɗaga kunya mai faɗi aka zuba taki, kuma ƙaƙƙarfan namiji mai aikin gona yakan ci kusan kilo 6 na dankali a yini. Mugun abin da ke cikin tsarin shi ne, in ka gyara gona, ka haƙa magudanar ruwa, ka tsince duwatsu, ana iya ƙara maka haya don gonar ta yi daraja, ko a kore ka a ba wani. Wanda ya tashi a haka, babu abin da zai fi so a duniya kamar ƙasar da ba mai tashinsa daga ita.

A 1845 cutar ruɓa ta faɗa wa dankali. Da yake galibin talakawa iri ɗaya suke shukawa, cutar ba ta gamu da wani shinge ba. Daga 1845 zuwa 1852 kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu kimanin miliyan ɗaya suka bar ƙasar. Clare na cikin yankunan da abin ya fi muni: tsakanin ƙidayar 1841 da ta 1851 ta rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na mutanenta. Patrick yana ɗan shekara 11 aka fara wannan yunwa, yana ɗan 18 aka fita daga cikinta.

Baffansa Darby ya riga su tafiya Ostareliya a 1849, ya zauna wajen Goulburn a New South Wales. Haka ƴan Ayilan ke yi: ɗaya ya tafi, ya samu wurin zama, ya kira na baya, kamar yadda ƴan cin rani daga Buza ko Keita ke bin sawun ɗan garinsu zuwa Abijan. Iyalin suka sauka Sidni a 1853. Ba a yi wata biyu ba mahaifin ya rasu a hatsari, nauyin uwa da ƙanne ya dawo kan saurayi ɗan shekara 19. Ya ajiye su a Goulburn, ya tafi haƙar zinariya a gulbin Ovens cikin Victoria, ya yi wata 18, ya dawo da fam 1,000. A nan ne ya bambanta da dubban abokan haƙarsa. Bai koma rami neman ƙari ba, ya sayi ƙaramar gona a Mummel kusa da Goulburn, ya fara tara shanu da dawaki. A 1862 ya auri Mary Costello, ƴar wani gidan ƴan Ayilan, kuma ɗan'uwanta John Costello ya zama abokin tafiyarsa na shekaru.

Ƙasa mai kyau a wajen Goulburn manyan da suka riga zuwa sun gama kamawa, ƙaramin manomi ba shi da inda zai faɗaɗa. A 1863 Patrick da ƙanensa Michael da John Costello suka kora shanu zuwa kudu maso yammacin Queensland, ƙasar da ba su sani ba, kuma suka faɗa cikin fari. Shanun suka ƙare, su kansu ba don ƴan asalin ƙasar sun nuna musu inda ruwa yake ba, da can suka tsaya. Kuskuren a fili yake: sun tashi da dabbobi kafin su san mashaya. Suka koma gida hannu wofi, suka sake shiri, a 1868 suka kafa gidajen kiwo na Thylungra da Kyabra a kan wata ƙorama da ke zuba cikin gulbin Cooper.

Sai an fahimci wannan ƙasa kafin a fahimci arzikinsu. Ruwan sama a can bai kai na garin Tawa ba a yawancin shekaru, kuma ba shi da tabbas. Amma in aka yi ruwa mai ƙarfi ɗaruruwan kilomita a arewa, ambaliya takan gangaro a hankali ta bazu cikin ƙananan ƙoramu masu yawa, faɗinta ya kai kilomita gommai. In ta janye sai ciyawa mai ƙiba ta fito, irin wadda ke cika saniya cikin ƴan watanni. Wanda ya ga kwarin Magiya ko na Tarka bayan ruwa ya wuce zai gane hoton, sai dai a ninka girman. Da rani komai ya bushe, sai wasu gurabe masu zurfi da ba sa ƙafewa. Saniya ba ta iya kiwo nesa da ruwa fiye da kamar kilomita 10 ta dawo sha, don haka wanda ya zauna a bakin gurbi ya mallaki duk ciyawar da ke kewaye, ko bai kafa shinge ko ɗaya ba.

Dokar Queensland ta 1860 ta ƙara wa wannan ƙarfi. Ana ba da hayar fili mai faɗin mil murabba'i 25 zuwa 100 na shekara 14, kuɗin kaɗan ne, amma da sharaɗi: dole ka zuba dabbobi da suka kai kashi ɗaya cikin huɗu na abin da filin zai ɗauka, kuma doka ta ƙiyasta shanu 20 ko tumaki 100 a kowane mil murabba'i. Ke nan fili mai mil 100 yana buƙatar shanu 500 kafin ya tabbata naka. Saniya ta zama takardar ƙasa. Su Durack da Costello suka riƙa hawa doki suna kafa alama, suna zuba shanu, suna rajista, sannan su sayar wa masu zuwa daga baya, su matsa gaba. Filayen da suka kama ta haka sun kai kimanin kilomita murabba'i 44,000, wato sun ɗan ɗara faɗin jihar Maraɗi. Zuwa 1877 garkensu ya kai kimanin shanu 30,000. Patrick bai tsaya a kiwo ba, ya sa kuɗi a masaukai da mahauta da filayen gari a sababbin garuruwan da ke tasowa a hanya, don ya san duk wanda ya biyo bayansa zai buƙaci wurin kwana da nama.

Ƙarfin aikin kuwa dangi ne. Ƙanne, surukai, ƴaƴan baffa, ana kiran su ɗaya bayan ɗaya, kowa a ɗora shi kan wani gurbi da wani kashi na garke. Tsarin gandu ne sak: babba ɗaya ke riƙe lissafi, sauran suna aiki da fatan a yanka musu nasu. Yana da sauri, ba ya cin albashi, kuma akwai amana. Rauninsa shi ne duk gidan yana rataye a sa hannun mutum ɗaya.

A 1879 wani mai auna ƙasa, Alexander Forrest, ya ratsa yankin Kimberley a arewa maso yammacin Ostareliya, ya dawo da rahoton gulabe masu ruwa da ciyawa mai tsawo. Ga mutumin da fari ya taɓa cinye wa garke, ƙasa mai damina tabbatacciya abin kwaɗayi ce. Wannan karon an yi abin da ba a yi ba a 1863: aka fara tura Michael ya je ya gano gulbin Ord da idonsa. A 1883 shanun haihuwa 7,250 da dawaki 200 suka tashi daga Queensland, an raba su garke huɗu. Patrick bai bi su ba, shi ne mai shiri da biyan kuɗi daga baya. Hanyar ta kai kimanin kilomita 4,800, kusan sau tara ke nan na tafiyar Tawa zuwa Yamai. Sun isa Ord a 1885 bayan shekara biyu da wata huɗu, rabin shanun sun mutu, mutane da dama ma sun mutu, an kashe kusan fam 72,000.

Yadda ake irin wannan tafiya ya cancanci a tsaya a kai. Ba a kora shanu a guje, ana barin su su bazu suna kiwo suna gaba, kilomita 13 zuwa 16 a yini. Raba garke wajibi ne, don shanu dubu bakwai a wuri guda za su tattake ciyawa su dama ruwa kafin na baya su sha. Kowane garke yana da shugaba, mahaya, mai dafa abinci da amalankensa, da mutum guda wanda aikinsa kawai dawaki ne: ya yi musu dabaibayi da dare, ya tattaro su kafin asuba. Kowane mahayi yana buƙatar dawaki da yawa don ya riƙa sauyawa, shi ya sa 200 ba su yi yawa ba. Abincin mako na ma'aikacin daji a Ostareliya sananne ne: garin alkama kimanin kilo 4 da rabi, nama kamar haka, sukari kusan kilo 1, ganyen shayi kimanin giram 110. Ba ganye, ba ɗanyen abu, don haka ciwon dasashi da gudawa da zazzaɓi ke kama mutane. Da dare ana tara shanu a fili marar itace, mahaya suna kewaya su bi da bi suna waƙa ko magana a hankali, don kada wani motsi ya zo musu ba zato. In suka firgita cikin duhu, duka garken ne ke tashi a guje, ya taka sansani, ya karya ƙafafu. Maganinsa ɗaya: mahayi ya bi gefen na gaba ya karkata su har su koma zagaye. Maraƙin da aka haifa a hanya galibi ba a barin shi, don ba zai iya tafiyar ba kuma zai riƙe uwarsa baya. Makiyayinmu zai ji wannan da ciwo, tunda a wurinmu maraƙi ne dalilin tafiyar, amma su nisa suke saye da shi.

A lissafa: kilomita 4,800 a kan kilomita 14 a yini bai kai shekara guda ba. Su sun yi wata 28. Ke nan fiye da rabin lokacin a tsaye suka yi shi, kuma a tsayuwar ne dukiyar ta zube. Fari ya tsare su watanni a wajen gulbin Georgina, gaba ba ruwa, baya ba ruwa. Saniya babba a zafi tana shan lita 40 ko fiye a yini, shanu 7,250 ke nan suna buƙatar kusan lita 290,000 kullum. Gurbin da ba ya samun sabon ruwa yana ja baya, ya yi gishiri, bakinsa ya zama taɓo mai kama raunanan shanu. Ciyawar kusa ta ƙare, tafiyar kiwo ta ƙara nisa kowace rana, dabba ta rame. Waɗanda suka ga 1973 da 1984 a bakin rijiyoyin Cintabaraden sun san wannan da'irar.

Cunkoso a mashaya guda shi ne abin da ciwon huhu ke so. Cutar ta shiga Ostareliya ta Melbourne a 1858. Ta numfashi take yaɗuwa, daga saniya zuwa ta kusa da ita, tana iya ɓoyewa daga mako uku har watanni kafin ta bayyana, kuma wadda ta warke takan riƙe ƙwayar cikin wani ƙulli a huhunta, wahala ta tayar da shi ta harbi sauran. Alamunta makiyayi ya sani: tari, miƙa wuya, buɗe ƙafafun gaba, nishi. Rigakafin makiyayan Ostareliya a lokacin shi ne su yanka wadda ta kamu, su ɗebi ruwan ɗorawa da ke taruwa a ƙirjinta, su jiƙa zaren ulu, su zura shi da allura ƙarƙashin fata kusa da ƙarshen wutsiya. Wani likitan Beljiyam, Louis Willems, ya bayyana dabarar a 1852. An zaɓi bakin wutsiya don yana nesa da gangar jiki kuma naman wurin a matse yake, kumburin ba ya saurin yaɗuwa. In aka sa a jiki, kumburin na iya kashe dabbar. In kuma ya fara hawa wutsiya, sai a datse ta. Abin sha'awa, makiyayan Afirka ta Yamma sun daɗe da tasu hanyar, ta sa ɗan yankin huhu mai cutar ƙarƙashin fatar karan hanci. Duka biyun suna kashe wasu dabbobi, kuma ba su da ma'auni. Yau da ake da allurar da ma'aikatan kiwo ke zagayawa da ita kowace shekara, babu dalilin komawa gare su, abin da ake buƙata shi ne a kai garke duka, ba rabi ba, kuma a maimaita, don kariyar ba ta daɗewa. Ostareliya ba ta rabu da cutar ba sai 1973, da allura da gwajin jini da hana zirga-zirgar dabbobi masu ita.

Da suka shiga ƙasa mai damshi ta arewa sai wata cutar ta tarbe su, fitsarin jini, wanda kaska ke ɗauka. Kaskar ta shigo ta Darwin a 1872 a jikin shanun da aka kawo daga Jawa. Ƙwayar cutar tana fasa jini: zazzaɓi mai zafi, fitsari ja, dasashi ya yi fari, ido ya yi ɗorawa. Maraƙin da ya gamu da ita kafin wata tara yakan jure ya samu kariya, babbar saniya da ba ta taɓa ganin ta ba ita ke faɗuwa. Shanun Durack manya ne daga ƙasa busasshiya marar wannan kaska, kuma irin Ingila ne marasa tozo. Sai bayan shekaru masu yawa makiyayan arewacin Ostareliya suka koma ga shanu masu tozo irin Brahman, masu jure zafi da kaska, dangin Azawak da Bororo namu ta wajen asali. Duk mai sha'awar zuba shanun Turai a garkensa don madara ya fara tambayar kansa wa zai yi musu wankan kaska da inuwa.

Da abin da ya saura aka kafa gidajen kiwo na Argyle Downs da Ivanhoe a bakin Ord. Patrick ya koma Brisbane, babban birnin Queensland, a 1885 yana mai kuɗi. Ya saki Thylungra ga wani kamfanin masu jari da shi ma yake ciki, wato ya musanya shanu da gurbin ruwa da takarda. Ya kuma sa kuɗi a haƙar zinariya bayan an gano ta a Halls Creek cikin Kimberley. A 1889 harkokinsa na Queensland suka rushe, ya tashi ba shi da komai sai kayan ɗaki. Mutumin da fari bai gama da shi ba a 1863, bashi ya gama da shi yana ɗan shekara 55. Hausawa na cewa bashi hanji ne, yana cikin kowa, amma bashin makiyayi yana da wani mugun hali: ana ba ka shi lokacin da garke ya cika kuma farashi ya hau, ana neman sa lokacin da kowa ke sayarwa a rana guda.

Abin da ya tsirar da gidan shi ne Argyle tana hannun ƴaƴansa, Michael Patrick da John, waɗanda aka tura can tun 1886 suna samari, bayan sun yi karatu a Goulburn. Uban ya koma zama wurinsu. Matarsa Mary ta rasu da zazzaɓin cizon sauro a 1893. Ya gina gidan dutse a Argyle a 1895, ya rasu a Fremantle ran 20 ga Janairu 1898, daga baya aka mai da ƙasusuwansa Goulburn. A ganina wannan ne wuri mafi amfani a labarin ga mai garke a yau: ya raba dukiya tun yana da rai, ya ba yara wuri da alhaki, ya kuma sa su makaranta. Da komai na cikin sunansa, da rana ɗaya aka kwashe.

Ƴaƴan sun gaji matsalar da uban bai lissafa da kyau ba, wato kasuwa. Shanu sun hayayyafa a Ord, amma masu cin nama suna Perth da wuraren haƙar zinariya na kudu, sama da kilomita 3,000 ta teku daga tashar Wyndham. Dabba ta rame a hanyar tasha, ta ƙara ramewa a jirgi. A 1896 kuma hukuma ta taƙaita fitar shanun gabashin Kimberley zuwa kudu saboda kaska. Michael Patrick ya haɗa jari da wasu ƴan kasuwa biyu ƴan Ayilan suka kafa kamfanin Connor, Doherty da Durack, don kiwo da jigila da sayarwa su zama hannu ɗaya. A 1902 ya aika shanu sama da 3,000 zuwa Natal a Afirka ta Kudu. Mayankar Wyndham mai injin sanyi ba ta buɗe ba sai 1919. Mai kai shanu Badagishiri ko Tunfafi, wanda farashinsa ke rataye a darajar naira da buɗewar iyaka, ya san yadda garke mai yawa ke zama nauyi in hanyar kasuwa ta toshe. Michael Patrick ya wakilci Kimberley a majalisar jiha daga 1917 zuwa 1924, aka sayar da kadarorin kamfanin a 1950, shi kuma ya rasu a shekarar.

Akwai ɓangaren da ba a yi wa adalci in aka ba da labarin kamar na jarumtaka kawai. Ƙasar ba kango ba ce. Bakin Ord ƙasar mutanen Miriwoong ce tun dubban shekaru, kuma gurabun da shanu suka mamaye su ne mashayarsu, wurin kamun kifinsu da wuraren ibadarsu. Shanu suka dama ruwa, namun daji suka gudu, mutane suka fara sukar shanu da mashi don su ci. Martanin ya kasance bindiga da kamu, ana ɗaure maza da sarƙa a wuya a kora su kurkukun Wyndham. An kashe wani ɗan dangin, John Durack (ba John ɗan Patrick ba), da mashi a 1886, aka bi da ramuwar gayya a kan mutanen wurin. Waɗanda suka rage suka zama su ne mahaya, masu horar da dawaki, masu dafa abinci da masu reno, ana biyan su da gari da nama da taba da tufafi. Da ɗan gari akan ci gari: wani ɗan asalin ƙasar daga gulbin Cooper da ake kira Pumpkin ya bi iyalin har Argyle, yana cikin waɗanda suka kafa ta suka riƙe ta. Albashi daidai da na farar fata bai fara aiki a gidajen kiwo ba sai ƙarshen 1968, kuma da ya zo, gidaje da yawa sallamar mutanen suka yi. Ɗan manomin da aka hana mallakar ƙasa a Clare ya gina gidansa a kan hana wasu tasu, kuma ba na jin akwai yadda za a sassauta wannan magana.

Nan Nijar dokarmu ta bi wata hanya dabam, kuma ya kamata a san darajarta. Dokar 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, dokar karkara ta 1993 ta ba makiyayi haƙƙin fifiko a mazauninsa ba tare da ikon hana wasu ruwa ba, dokar kiwo ta 2010 kuma ta amince da ƙaura da dabbobi a matsayin haƙƙi, ta hana mai da filin kiwo na kowa mallakar mutum ɗaya. Duk lokacin da mai kuɗi ya haƙa rijiyar fanfo a arewacin Abalak ya kewaye ta da waya, dabarar Thylungra ce yake maimaitawa: kama ruwa, ciyawa ta biyo.

Ƙasar ma ta biya nata kuɗin. Kiwon sake ake yi, ba shinge, ba rijiyoyi nesa da gulbi, don haka shekara bayan shekara dubban shanu suna cunkushe a gaɓar Ord da rani. Ciyawa mai saiwa ta ƙare, ƙasa ta yi sanƙo, ruwan damina mai ƙarfi ya yanka kwazazzabai ya kwashi laka. Daga 1960 hukuma ta fara janye dabbobi daga wani babban yanki na saman gulbin, tana karta ƙasa a gicciye da gangare tana shuka ciyawa, cikinsu har da wata ƴar'uwar ƙarangiya da asalinta daga Afirka da Asiya ne. Aikin ya yi kama da na farfaɗo da faƙo da aka fara a Keita a 1984. Tumfafiya ma ta isa can ta bazu a wuraren da aka cinye, alamar da manomin Adar ke karantawa ba sai an fassara masa ba. Har kuka suna da ita a Kimberley, ƴar'uwar tamu.

Jikan Patrick, Kim Durack, wanda aka haifa a 1917 ya kuma yi karatun noma, shi ya ga cewa gyaran yana cikin noman rani: a ɗaga ruwan Ord a noma abincin dabbobi don su yi ƙiba lokacin da daji ya bushe. A 1941 ya kafa gonar gwaji da injin ban ruwa a Carlton Reach, bakin Ord. Daga nan aka samu tashar bincike, aka gina ƙaramar madatsa a 1963 tare da garin Kununurra, sannan babbar madatsa da aka buɗe a 1972. Manoman farko auduga suka shuka. Ƙasa mai ɗumi duk shekara ba ta ba tsutsa hutu, aka riƙa ƙara feshi, tsutsar ta saba da maganin, kuɗin feshi ya cinye riba, a 1974 aka daina auduga. Rake ya zo a tsakiyar shekarun 1990, masana'antar sukarin ta rufe a 2007. Masu jiran madatsar Kandaji su lura da wannan: tara ruwa ya fi sauƙi a kan samo amfanin gonar da zai jure ƙwari ya kuma biya kuɗin jigila. Kim bai ga babbar madatsar ba, ya rasu a 1968.

Sauran jikokin ta wata hanya suka riƙe sunan. Mary Durack, 1913 zuwa 1994, ta tattara wasiƙu da littattafan lissafin gidan ta rubuta tarihinsa, kuma yawancin abin da aka sani game da kakan ta hannunta ya fito, abin da ya sa ake buƙatar a haɗa shi da abin da Miriwoong ke faɗa da bakinsu. Ƙanwarta Elizabeth mai zane ce. Tun 2010 akwai mazaɓar majalisar tarayya mai sunan Durack, faɗinta ya fi na Nijar duka.

Tafkin da babbar madatsar ta haifar, mai suna Argyle, yana rufe kimanin kilomita murabba'i 1,000. Ya haɗiye filin da shanun 1885 suka sauka, ya haɗiye kaburbura da wuraren ibada na Miriwoong, waɗanda ba a shawarce su ba kafin a yi ginin. Sun kai ƙara, kotun tarayya ta amince da haƙƙinsu na asali a 1998, shari'ar ta kai kotun ƙoli a 2002, aka sa hannu kan yarjejeniya da gwamnatin jihar a 2005 wadda ta ba su filaye da diyya da hannu a kula da gandun daji. Gidan dutsen da Patrick ya gina kuwa, kafin ruwa ya iso an warware shi, aka sa wa kowane dutse lamba, aka sake gina shi a kan tudu kusa da madatsar, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1979.